Sharhi Kan The Order of the Stick, Labarin Zanen da Ya Hana Masu Karatunsa Yanke Hukunci Cikin Sauƙi

The Order of the Stick labarin zane ne na almara wanda wani Ba'amurke mai suna Rich Burlew yake rubutawa kuma yake zanawa tun watan Satumba na shekarar 2003. Yana fitar da shi shafi bayan shafi a intanet kyauta, a dandalinsa mai suna Giant in the Playground, sannan idan wani babban kashi na labarin ya kammala sai ya tattara shafukan ya buga su littafi na sayarwa. Zuwa yanzu shafukan sun haura 1,200, manyan littattafai shida sun fito, na bakwai kuwa, wanda marubucin ya bayyana cewa shi ne na ƙarshe, yana kan fitowa. Ra'ayina shi ne aikin ya cancanci lokacin mai karatu, wasu daga cikin littattafan kuma sun cancanci kuɗinsa, amma dalilin hakan ba barkwancin da aka fara saninsa da shi ba ne. Dalilin shi ne yadda labarin yake tilasta wa mutum ya auna laifi da uzuri, ya yanke hukunci a kan wani jarumi, sannan bayan shafuka ɗari biyu ya tarar cewa hukuncin nasa yana buƙatar gyara. Ba zai yiwu a yi magana a kan wannan ba tare da bayyana wasu manyan abubuwan da suka faru a labarin ba, saboda haka wanda yake son ya same su da kansa ya sani tun daga nan.

An gina duniyar labarin a kan ƙa'idodin wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a 1974, inda 'yan wasa suke ɗaukar matsayin jarumai suna jefa ƙwayoyin lamba don sanin ko abin da suka nufa ya yi nasara. A cikin wannan wasa kowace halitta tana da rukunin ɗabi'a da aka rubuta mata. Ana auna ta a kan ma'auni biyu, ɗaya tsakanin kirki da mugunta, ɗayan tsakanin bin doka da ƙin ƙa'ida, kowanne kuma yana da matsayi na tsakiya, wanda ya sa rukunan suka zama tara. Jaruman Burlew sun san da wannan tsari, suna ambatonsa da bakinsu, har akwai sihirin da ake yi a gano ko wanda ke tsaye a gabanka mugu ne. Mutum zai ɗauka cewa duniyar da ake iya auna mugunta a cikinta da sihiri ba za ta bar wurin gardama ba. Abin da Burlew ya shafe fiye da shekara ashirin yana nunawa shi ne cewa sanin rukunin mutum bai gaya maka abin da ya halatta ka yi masa ba, kuma bai tabbatar maka cewa kai da ke ɗauke da lambar kirki kana kan daidai ba.

Farkon labarin bai nuna zai kai nan ba. Littafi na farko, Dungeon Crawlin' Fools, yawancinsa barkwanci ne a kan ƙa'idodin wasan, kuma wanda bai taɓa buga shi ba zai wuce shafuka da yawa bai ga abin dariya ba. Jarumai shida ne suka shiga kogon wani matsafi mai suna Xykon, wanda ya riga ya mutu amma ƙwarangwal ɗinsa yake ci gaba da rayuwa da ƙarfin sihiri. Akwai Roy Greenhilt shugabansu, mayaƙi mai ilimi, da Haley Starshine ɓarauniya, da Elan mawaƙi mai sauƙin kai, da Durkon Thundershield, wada kuma firist, da Vaarsuvius masanin sihiri, da Belkar Bitterleaf, ɗan ƙaramin mutum wanda kisa yake ba shi nishaɗi. Zanen ma mai sauƙi ne ƙwarai, kai da'ira, hannaye da ƙafafu layi ɗaya ɗaya. Duk wanda ya tsaya a shafi na hamsin ya ce ya ga iyakar abin, ba zan ga laifinsa ba, amma ya tsaya kafin a fara.

Inda aka fara da gaske shi ne zuwan Miko Miyazaki. Ita barde ce daga rundunar Sapphire Guard ta birnin Azure City, irin mayaƙan da suka yi rantsuwar tsarki, waɗanda allolin labarin suke ba su ƙarfi muddin ba su aikata mugunta da gangan ba. A takarda Miko da Roy rukuninsu ɗaya, masu kirki masu bin doka, amma tun haɗuwarsu ta farko suke arangama, domin ita ta ɗauki kirki a matsayin ikon hukunta wasu, kuma ba ta taɓa kawo wa ranta cewa fahimtarta za ta iya zama kuskure ba. Lokacin da ta ji cewa sarkin birnin, Shojo, tsoho mai nuna kamar ya ruɗe alhali yana sane, ya daɗe yana yaudarar baradensa domin ya kewaye wata tsohuwar rantsuwa da ta ɗaure masa hannu, sai ta haɗa wannan gaskiya da zato marar tushe ta yanke cewa yana aiki tare da Xykon. Ta sare shi a kan kujerarsa ba shi da makami, duk da cewa ɗan ɗan'uwansa Hinjo ya nemi a kama shi a kai shi gaban shari'a. Nan take alloli suka karɓe ƙarfinta, shuɗin tufafinta ya koɗe a gaban kowa.

Masu karatu sun daɗe suna sa-in-sa a kan Miko, kuma gardamar tana da tushe. Masu kare ta suna cewa Shojo ya yi ƙarya da gaske, ya shirya wa jaruman labarin shari'ar bogi da gaske, kuma yarinyar da aka raina a gidan ibada, aka nisanta ta da mutane saboda abokan aikinta ba sa jure zama da ita, ba abin mamaki ba ne idan ta kasa bambance muryar allolinta da muryar zuciyarta. Suna ƙarawa da cewa jaruman labarin ma ba su sauƙaƙa mata ba, Belkar ya kashe mai gadi ya tsokane ta da gangan, Roy kuma ya fara da yi mata kalaman neman aure marasa ladabi kafin ya koma zaginta. Masu sukarta kuwa suna nuna abin da ya biyo bayan faɗuwarta. Alloli da kansu sun nuna mata ta yi kuskure a bainar jama'a, amma sai ta fassara hakan da cewa wata jarrabawa ce ko wani makirci. Laifi tudu ne, ta taka nata tana hango na wasu har ƙarshen ranta.

Ina tare da masu sukar, amma abin da ya sa nake ganin wannan kashi a matsayin rubutu mai ƙarfi shi ne yadda Burlew ya ƙi ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara. Sa'ad da rundunar Xykon ta shiga birnin, Miko ta tsere daga kurkuku ta fasa dutsen da ke riƙe da ɗaya daga cikin ƙofofi biyar masu toshe tsagogin duniya, tana ganin ta hana abokan gaba samunsa, alhali a daidai lokacin ruhun Soon Kim, wanda ya kafa rundunarsu, yana gab da hallaka Xykon. Fashewar ta kashe ta, ta kuma ba mugun damar tsira. A numfashinta na ƙarshe Soon ya gaya mata gaskiya cewa ba za ta koma matsayinta ba, domin tuba tana buƙatar amincewa da kuskure, ita kuwa ba ta taɓa amincewa ba. Duk da haka ya yi mata magana da tausasawa, ya yaba niyyarta ta cika aiki, ya ce zai raka ruhunta. Wanda ya tsane ta bai samu wulaƙancin da yake jira ba, wanda yake ƙaunarta ma bai samu wankewar da yake fata ba.

A wannan yaƙi Roy ma ya mutu, kuma marubucin ya yi amfani da mutuwarsa ya ajiye shi kusa da Miko domin a gwada su. A lahirar labarin wata ma'aikaciyar sama ta buɗe littafin ayyukansa tana bi ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan ranar da ya bar Elan a hannun 'yan fashi saboda ya gaji da wautarsa, ko da yake daga baya ya koma ya cece shi, ta kuma tsaya a kan zamansa da Belkar. Abin da ya ba shi shiga shi ne cewa yana ƙoƙari, yana faɗuwa yana tashi, kuma idan an nuna masa kuskure yana karɓa. Wasu masu karatu suna ganin an yi masa sassauci, musamman a kan batun Belkar, kuma ƙorafinsu yana da nauyi.

Batun Belkar shi ne gardamar da ta fi daɗewa. Mugu ne a fili, labarin bai taɓa ɓoye hakan ba, kuma yana kashe mutanen da ba su yi masa komai ba. Hujjar Roy ita ce idan ya kore shi zai fi yin ɓarna, idan kuma yana riƙe da shi aƙalla yana juya wuƙaƙensa zuwa ga waɗanda suka fi shi mugunta. Wannan hujja tana da ƙamshin son kai, domin Belkar mayaƙi ne mai amfani kuma Roy yana cin moriyarsa, sannan iyalan waɗanda Belkar ya kashe a ƙarƙashin shugabancin Roy ba a tambaye su ra'ayinsu ba. Akwai kuma matsalar da ta shafi rubutun kansa. A shekarun farko kashe-kashen Belkar abin dariya ne, ana so mai karatu ya yi murmushi ya wuce, daga baya kuma labarin ya fara neman a ɗauki irin waɗannan ayyuka da muhimmanci. Wannan ɗinki bai ɓace ba, ana ganinsa, kuma yana daga cikin raunin aikin da ba zan rufe ba.

Sai dai abin da Burlew ya yi da Belkar daga baya ya burge ni. Bayan wata la'ana ta kwantar da shi har ya kusa mutuwa, ya ga Shojo a cikin mafarkin zazzaɓi yana ba shi shawara cewa ya riƙa nuna kamar ya gyaru domin mutane su daina neman kawar da shi. Ya ɗauki shawarar a matsayin dabara. Amma ya riga ya shaƙu da kyanwar marigayin, Mr. Scruffy, wadda ita ce halitta ta farko da ya damu da ita ban da kansa, sannan ya ga Durkon yana roƙo a bar abokansa da rai, har da shi Belkar, a lokacin da ake kashe Durkon ɗin. Daga nan kwaikwayon ya fara zama gaske ba tare da shi kansa ya lura ba. Lokacin da wani ruhu mai shan jini ya shiga jikin Durkon yana yin kamar shi ne, Belkar kaɗai ya dage cewa wannan ba abokinsu ba ne, kuma ba wanda ya saurare shi saboda tarihinsa. Masu cewa hali zanen dutse ne suna ganin duk wannan bai goge jinin da ke hannunsa ba, kuma gaskiya ne bai goge ba. Tambayar da labarin ya bari a buɗe ita ce ko mutumin da ya fara aikin kirki da ƙarya, ya ci gaba har ya saba, za a ci gaba da kiran aikin nasa ƙarya. An kuma yi annabci tun da daɗewa cewa ba zai kai ƙarshen shekarar labarin da rai ba, wanda ya sa kowane ɗan canji nasa yake da nauyi.

Kashin da ya fi girgiza ni shi ne na Vaarsuvius, a littafi na huɗu, Don't Split the Party. Marubucin bai taɓa bayyana ko namiji ne ko mace ba, amma halinsa a bayyane yake, mai girman kai ne wanda ya yi imani cewa babu matsalar da isasshen ƙarfin sihiri ba zai warware ba. Tun a baya ya kashe wani matashin baƙin diragon, wato ƙaton dodon almara mai fukafukai, a cikin kogo, aka wuce wurin kamar ba komai, domin a ƙa'idar wasan baƙaƙen diragon mugaye ne kuma kashe su aikin jarumai ne. Bayan ɗaruruwan shafuka sai uwar wannan matashi ta bayyana, ta ce za ta cinye 'ya'yan Vaarsuvius biyu ta kuma ɗaure rayukansu. Ba shi da ƙarfin tare ta, sai ya karɓi tayin wasu shaiɗanu uku da suka ara masa ikon manyan matsafa matattu, a kan sharaɗin za su riƙe ruhunsa na wani lokaci duk sa'ad da suka ga dama. Ya ceci iyalinsa, ya kashe uwar. Da ya tsaya nan, da gardamar ba ta yi tsawo ba. Amma ya yi wani sihiri da ya kashe duk wata halitta mai alaƙar jini da ita, da duk mai alaƙar jini da waɗannan, wanda a cikin labarin aka ƙiyasta ya hallaka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na baƙaƙen diragon na duniya, har da waɗanda ba su fito daga ƙwai ba.

Lokacin da wannan shafi ya fito, an samu masu karatu da suka tsaya suna kare shi, kuma hujjarsu ta fito kai tsaye daga littafin ƙa'idodin wasan: idan jinsin duka mugaye ne, rage yawansu alheri ne ga duniya. Ina ganin wannan ita ce hujja mafi haɗari da aka taɓa kawowa a kan labarin, domin ita ce ainihin hujjar da ake kafawa a duk inda aka halatta jinin wata al'umma saboda asalinta. Burlew bai amsa ta da wa'azi ba, ya bar ta ta zauna har littafi na biyar, Blood Runs in the Family, inda jaruman suka isa dalar da ke ɓoye wata ƙofar suka tarar da dukan zuriyar Draketooth masu tsaronta a mace, manya da yara, a wurin cin abinci. Kakansu na farko diragon ne, sihirin ya bi jini ya same su, ya kuma bi ta kansu ya kashe mutanen da suka haihu da su a wasu garuruwa. Vaarsuvius ya gane abin da ya yi yana tsaye a gaban zanen asalin zuriyar a bango, ya gudu cikin firgici.

Akwai mai cewa wannan dabara ta rage ƙarfin darasin, tunda sai da aka nuna gawarwakin mutane kafin laifin ya zama laifi a idon wasu. Marubucin ya hango wannan, domin Vaarsuvius da kansa ya ƙi karɓar uzurin cewa bai san za a taɓa mutane ba, ya kuma amince cewa su diragon ɗin ma bai san halin kowannensu ba lokacin da ya yanke musu hukunci. Aurensa ya mutu, ya sa hannu a takardar rabuwa bai yi jayayya ba. Shaiɗanun sun karɓi bashinsu a mafi munin lokaci, suka janye ruhunsa daidai sa'ad da yake ƙoƙarin hana Roy fasa ƙofar. Da ya bayyana wa Roy laifinsa, Roy bai yafe masa ba kuma bai kore shi ba, ya nuna cewa abin ya fi ƙarfin hukuncinsa. Har yanzu ba a ce ya wanku ba, kuma ina fata marubucin ba zai sauƙaƙa wannan a ƙarshe ba.

Sai Redcloak, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma a kansa ne shawarar sayen littafi ta fi ƙarfi. A shafukan kyauta an fara ganinsa a matsayin mataimakin Xykon, firist daga jinsin goblin, irin halittun da jarumai suke kashewa da yawa ba tare da an tambayi sunansu ba. Tarihinsa yana cikin Start of Darkness, littafin da ya fito a 2007 wanda ba a saka shi a intanet kyauta ba. A can ne aka nuna cewa baraden Sapphire Guard, rundunar su Miko, sun auka wa ƙauyensu yana matashi, suka kashe mahaifiyarsa da malaminsa da yawancin danginsa, har da yara, ƙaninsa kuma ya rasa ido ɗaya. Ya ɗauki jar alkyabbar malaminsa, tare da ita ya gaji wani shiri na abin bautarsu, Dark One, na amfani da ɗaya daga cikin ƙofofin a tilasta wa sauran alloli su ba goblin matsayi daidai da na kowa. A bisa abin da aka koya masa, an halicci jinsinsa ne kawai domin firistocin wasu alloli su samu abin kashewa su ƙara ƙarfi.

Ƙorafinsa gaskiya ne, kuma littafin bai rage masa ko kaɗan ba. Abin da littafin ya ƙara shi ne farashin da ya biya da wanda ya sa wasu suka biya. Shi ya kawo Xykon cikin shirin, shi ya mayar da shi ƙwarangwal marar mutuwa, ya kuma zuba ido Xykon yana kashe goblin don nishaɗi shekara da shekaru. Ƙaninsa, Right-Eye, ya gaji, ya je ya kafa iyali a wani ƙauye ya nuna cewa ana iya rayuwa ba tare da shirin ba, kuma da aka sake jawo shi ciki ya yanke shawarar kashe Xykon. Redcloak ya kashe ƙaninsa da hannunsa domin ya kare Xykon. Bayan haka Xykon ya bayyana masa cewa ya san komai tun farko kuma harin ba zai taɓa shi ba, ya bar abin ya faru ne domin ya san daga ranar Redcloak ba zai iya juya baya ba, tunda juyawa tana nufin amincewa cewa ya kashe ɗan'uwansa a banza. Ban san wani wuri a labarin zane da aka bayyana wannan tarko na zuciya da irin wannan tsabta ba, yadda mutum yake ƙara zuba jini domin kada jinin da ya riga ya zuba ya zama asara.

Wannan ne ya sa masu karatu suka rabu biyu a kansa, kuma rabuwar sau da yawa tana bin wanda ya karanta wancan littafi da wanda bai karanta ba. Na farko yana ganin wanda aka zalunta, na biyu yana ganin wanda ya ci Azure City da yaƙi, ya kafa ƙasar Gobbotopia a kan kangonta, ya bautar da mutanen da suka rage, ya kuma azabtar da O-Chul, barden da ya fi kowa nagarta a labarin. Dukansu suna kallon mutum ɗaya. A nan nake da ƙorafi a kan yadda aka tsara sayar da aikin. Marubucin yana da haƙƙin cin guminsa, amma ajiye mabuɗin fahimtar babban abokin gaba a littafin da sai an saya ya sa mai karatun kyauta yana yanke hukunci da rabin shaida na tsawon shekaru, ko da yake daga baya an riƙa kawo gutsattsarin tarihin cikin babban labarin.

Littafi na shida, Utterly Dwarfed, da farkon na bakwai sun ƙara dagula lissafin ta hanya mai kyau. Thor, abin bautar Durkon, ya bayyana masa cewa alloli sun riga sun halicci duniyoyi marasa adadi waɗanda dodon hargitsi mai suna Snarl ya cinye ko su da kansu suka rushe, kuma dama ɗaya tilo ta rufe tsagogin har abada tana buƙatar haɗin kan Dark One, wato haɗin kan Redcloak. Ya kuma ba da nasa bayanin asalin goblin, cewa wanda ya halicce su ya yi watsi da su ne, sauran alloli kuma ba su damu ba. Wannan bai zama daidai da abin da Redcloak ya yi imani da shi ba, amma sakaci ma zalunci ne ga wanda ya faɗa a kansa, kuma Durkon ya fahimci haka. Ya je ya zauna da Redcloak ya yi masa tayin sulhu da amincewa da ƙasarsa. Redcloak ya saurara, ya yi muhawara mai ma'ana a kan yadda waɗanda suka gaji ƙasa mai albarka suke ɗaukar abin da suka gada a matsayin cancanta, sannan ya yi ƙoƙarin kashe Durkon. An miƙa masa yawancin abin da ya ce yana nema, ya kasa karɓa, kuma wanda ya karanta labarin ƙaninsa ya san dalili.

Tarquin, mahaifin Elan, ya cancanci ambato a taƙaice, domin shi gwaji ne da aka yi wa mai karatu. Yana da fara'a da iya magana da son 'ya'yansa a baki, har mutane da yawa suka so shi, alhali shi ne ya sa aka ƙone bayin da suka tsere da ransu a kan dutse domin wutar ta rubuta sunan ɗansa, daga baya kuma ya soke ɗaya ɗan nasa, Nale, ya kashe. Saurin da aka yi wajen yi masa uzuri, idan aka gwada da tsananin da aka yi wa Miko, ya nuna yadda daɗin baki yake sayen sassaucin da gaskiya marar ladabi ba ta samu.

Aikin yana da nakasu da mai saye ya kamata ya sani. Maganganu suna da yawa ƙwarai, wani shafin rubutu ya kusa cinye zanen, kuma Vaarsuvius musamman yana magana da dogon Turanci mai wuya wanda zai gajiyar da wanda harshen bai zauna masa sosai ba. Sabbin shafuka ba su da ranar fitowa tsayayya, wani lokaci makonni suna wucewa, kuma a 2012 raunin da marubucin ya ji a hannu ya tsayar da aikin na wani lokaci. Wanda yake bin labarin shafi ɗaya ɗaya zai ji wasu yaƙe-yaƙe sun yi tsawo fiye da kima, ko da yake a littafi, inda ake karanta su a zama ɗaya, ba a jin hakan sosai. Akwai zubar da jini, da barkwancin manya nan da can, da alloli masu yawa da aka aro daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai da wasu wurare, saboda haka ba littafin ƙananan yara ba ne duk da kamannin zanensa. Matan labarin ma a farko ba su samu rubutu mai zurfi kamar maza ba, abin da ya gyaru a hankali da shigowar irin su Lien da Minrah da Sigdi mahaifiyar Durkon.

Littattafan da aka buga suna ɗauke da ƙarin shafuka da ba su fito a intanet ba, da bayanan marubucin a farkon kowane babi inda yake faɗin abin da ya nufa da dalilin da ya sa ya zaɓi wata hanya, kuma ga mai sha'awar gardamar ɗabi'a waɗannan bayanai suna da amfani, ko da yake ba dole ne a yarda da shi a ko'ina ba. A farkon 2012, lokacin da tsofaffin littattafan suka ƙare a kasuwa, ya nemi tallafin masu karatu ta Kickstarter, dandalin tara gudummawar kuɗi a intanet, domin sake buga su, mutane kusan 15,000 suka tara sama da dala miliyan 1.2. Ana kuma sayar da littattafan a matsayin fayil na PDF ga wanda kawo na takarda zai yi masa wuya. Zanen ya inganta sosai da tafiyar shekaru, musamman daga littafi na shida, inda hannaye da ƙafafu suka samu kauri, wurare kuma suka samu zurfi da haske. Shawarata ga sabon mai karatu ita ce ya fara da shafukan kyauta, ya daure har ya wuce littafi na farko ya kai shari'ar da aka yi wa jaruman a Azure City. Idan labarin ya kama shi a nan, littafin da ya fi cancanta ya fara saya shi ne Start of Darkness, wanda yawancinsa baƙi da fari ne, kuma ya fi kyau ya karanta shi kafin ya shiga yaƙin birnin a littafi na uku, War and XPs, domin ya san waye yake jagorantar rundunar da ke tahowa da abin da baraden birnin suka taɓa yi wa ƙauyensa.